Bazara a Birnin Shehu: Dattawan da Zafi Bai Zaunar Ba

Sakkwato a kan tudu take, tana kallon kwarin da gulbin Rima da gulbin Sakkwato suka haɗu. Daga watan Maris zuwa Mayu, bayan hunturu ya kwashe ƙurarsa, kafin damina ta kankama a watan Yuni, garin yana sahun gaba cikin wuraren da suka fi zafi a Najeriya. A watan Afrilu ma'aunin zafi kan haura digiri 40 kusan kullum, wani lokacin har ya doshi 45. Ruwan tanki ba ya taɓuwa da tsakar rana, ƙarfen ƙofa na ƙona hannu, iskar da ke kaɗowa kuma ba ta kawo sauƙi, sai dai ta ƙara busar da maƙogwaro. Har gaisuwa ma bazara ta shiga cikinta. Bayan "ina kwana" da "lahiya lau", sai a ce maka "ya zahi?", kai kuma ka amsa da "lokacinai na".

Baƙon da ya sauka a irin wannan lokaci zai ɗauka duk wanda ya haura shekara sittin yana ɗaka a kwance, yana jiran ruwan farko. Abin da na tarar ya sha bamban da haka. Dattawan Sakkwato, maza da mata, ba su daina motsi don zafi ya zo ba. Raba yini suka yi tsakaninsu da rana: suka bar mata tsakiya, suka riƙe farko da ƙarshe. Wanda ke son ganin wannan tsari da idonsa, dole ya tashi da asuba.

Daga kiran assalatu zuwa hantsi

Da misalin ƙarfe biyar na asuba lungunan tsohon gari sun riga sun farka. A Kanwuri, kusa da fadar Sarkin Musulmi, da Gidaɗawa, unguwar zuriyar Waziri Gidaɗo, za ka ji ƙarar buta da takun silifa kafin ka ga mutum. Mafi yawan waɗanda ke fara isa masallaci masu furfura ne. Wasu da sanda, wasu riƙe da hannun jika, wasu kuma tafiya suke yi a miƙe, da saurin da zai ba saurayi kunya. A wannan sa'a ce ƙasa take gama sakin zafin da ta sha jiya, kuma a nan ne iska take da ɗan sanyin da jiki ke marmari.

Bayan an sallame, kaɗan ne ke komawa gado. Wani ya zarce gaida ɗan'uwansa marar lafiya a wata unguwa, wani ya nufi gidan malaminsa ɗaukar karatu, wani ya leƙa garken awakinsa ya zuba musu harawa. Na bi wani dattijo, tsohon maɗinkin fata, daga wajen Masallacin Bello har ƙofar rumfarsa. Tafiyar ba ta da nisa sosai, amma bai bi hanyar da ta fi kusa ba. Ya zagaya ta lungun da katangu suka yi wa inuwa, ya tsaya gaisawa a zaure biyu, sannan ya ci gaba. Da na tambaye shi me ya hana shi hawa babur, ga 'yan kabu-kabu birjik, sai ya ce: "Ɗana, ƙahwar da ba ta tahiya, ita ka fara mutuwa." Bai ƙara komai a kai ba.

Idan aka zauna aka yi lissafi, za a ga wannan al'ada ba ƙaramin aiki take yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta shawarci wanda ya kai shekara 65 da ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ya haɗa da abin da ke ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu, da abin da ke gyara tsayuwa don kauce wa faɗuwa aƙalla kwana uku. Dattijon da masallacinsa ke da nisan minti biyar, idan ya je ya dawo sau biyar, ya yi tafiyar minti 50 a yini, wato 350 a mako. Sharaɗin kawai shi ne ya ɗan ɗaga ƙafa, har numfashi ya ƙaru amma yana iya magana. Ga kuma ruku'u da sujada da miƙewa daga ƙasa a raka'a 17 ta farilla, ban da nafila. Cinya da gwiwa da ƙugu duk suna samun rabonsu, ba tare da an kira abin da sunan motsa jiki ba.

A sababbin unguwanni salon ya ɗan bambanta. Wajen filin wasa na Giginya, wanda aka sa wa sunan wurin da aka gwabza da Turawa a watan Maris na 1903, da kuma titunan da dogon yaro ya yi wa rumfa, na ga 'yan fansho cikin wando da riga marasa nauyi suna tattaki biyu-biyu, kowa da gorar ruwa a hannu. Da yawansu likita ne ya umarce su, saboda hawan jini ko ciwon sukari. Su ma dokarsu ɗaya da ta mutanen cikin gari: kafin ƙarfe takwas an koma gida.

Fadama

Wanda ya sauka daga tudun ya nufi Kwalkwalawa, a kan hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, zai ga wata Sakkwato daban. Bayan jar ƙasa da ƙura, sai ido ya faɗa kan kore shar: shinkafar rani, albasa, tattasai, dankali, alayyafo. Injinan ban ruwa na ta ƙugi a inda a da ake jan ruwa da jigo. Ruwan da ke tafiya a gulbin Rima a wannan lokaci, madatsar Goronyo da ke can sama tana da hannu a cikinsa.

A nan na fi ganin yadda shekaru ke koya wa mutum sarrafa ƙarfinsa. Samari ne ke ɗaukar buhu, su ne ke jan tiyo, su ne ke huɗa. Dattawa kuwa nasu aikin shi ne buɗe wa ruwa hanya daga fage zuwa fage da fartanya, cire ciyawa, ware albasa mai kyau daga wadda ta fara ruɓewa, da zagaya gona a duba inda tsutsa ta shiga. Aiki ne mai sunkuyo da miƙewa da tafiya a kan kunya, wanda ke buƙatar mutum ya iya tsayuwa da ƙafarsa sosai. Kowannensu da malfa a ka, da riga mai faɗi da iska ke ratsawa, mafi yawa fara. A gindin mangwaro ko dogon yaro an ajiye jarkar ruwa da aka naɗe da jiƙaƙƙen buhu, da ƙwaryar hura da nono a rufe da faifai.

Wani dattijon manomi ya nuna mini yadda yake auna lokaci. Ba ya duba agogo. Idan inuwarsa ta gajarta ta kusa komawa ƙarƙashin ƙafarsa, ya san nasa aikin ya ƙare, ko da fagen bai gama shan ruwa ba. Sai ya miƙa wa ɗansa fartanya ya koma inuwa. Ya ce a shekarun ƙuruciya yakan kai azahar a gona, amma yanzu jikinsa ba ya gaya masa gaskiya: sai ya ji kamar ba komai, alhali ya riga ya galabaita. Don haka ya daina jiran ƙishirwa. Duk lokacin da ya kai ƙarshen kunya, sai ya kurɓi ruwa, ko yana so ko ba ya so.

Abin da ya sa rana ta fi cutar da tsoho

Maganar wannan manomi ta yi daidai da abin da likitoci suka sani. Jikin mutum yana fitar da zafi ne ta hanya biyu: gumi ya fito ya bushe a kan fata, zuciya kuma ta tura jini zuwa fatar don ya huce. Da shekaru, duka biyun suna raguwa. Duk uwar gida ta san sabuwar randa ta fi tsohuwa sanyaya ruwa, domin tana tsattsafo ta jikinta, iska na busar da shi, ita kuwa tsohuwa ƙofofinta sun toshe. Haka fatar tsoho take: gumin ba ya zuwa da wuri, ba ya kuma zuwa da yawa. Ƙari a kan haka, jin ƙishirwa yana dusashewa, ƙoda kuma ba ta iya riƙe ruwa kamar da. Wanda ke shan maganin hawan jini mai sa yawan fitsari, ko mai ciwon sukari, ko mai ciwon zuciya, hatsarinsa ya fi na sauran.

Ba a nesa aka ga misalin wannan ba. A farkon watan Afrilun 2024, ana cikin kwanakin ƙarshe na azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga mutum 102 da suka rasu a kwana huɗun farko na watan, kuma da yawansu sun haura shekara 60. Bayan wata biyu, a aikin Hajjin shekarar, hukumomin Saudiyya suka tabbatar da rasuwar alhazai fiye da 1,300, lokacin da zafi ya wuce digiri 51 a Makka. Sakkwato da Mali duk yankin Sahel ɗaya ne, kuma duk shekara dattawanmu na cikin masu sauke farali.

To amma zama wuri ɗaya ma yana da nasa sharrin, kuma shi a ɓoye yake yin ɓarnarsa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2007 ya kwantar da dattawa masu ƙoshin lafiya a gado na kwana 10 kacal, aka tarar sun rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafu. Bazarar Sakkwato wata uku ce. Tsohon da aka ce ya zauna kada ya fita sai ruwa ya sauka, yana iya kaiwa damina gwiwarsa ba ta ɗaukarsa, sukarinsa ya hau, barcinsa ya lalace, zuciyarsa ta ƙuntata don rashin ganin mutane. Daga nan sai faɗuwa a banɗaki, sai karayar ƙugu, wadda tsofaffi da yawa ba sa tashi daga ita. Hausawa sun ce motsi ya fi laɓewa, kuma a nan maganar ta zauna daram.

Tsakar rana

Daga ƙarfe goma sha ɗaya garin yakan fara lafawa. Zuwa ƙarfe biyu, lokacin da zafi ke kai ƙololuwarsa, titunan tsohon gari sun zama na babura da 'yan talla masu sayar da ƙanƙara. Dattawa sun shige zaure. Wanda ya shiga tsohon zauren ƙasa mai kaurin bango da rufin azara zai ji bambanci tun daga bakin ƙofa: ginin yana shanye zafin rana a hankali, ba ya barinsa ya faɗo wa mutum a ka kamar yadda rufin kwano yake yi. A ciki akwai tabarma, da mahuci, da tulu a kusurwa. Ana yin ƙailula, ana karatu, ana sauraron rediyo. Sunna ma ta zo da jinkirta sallar azahar idan zafi ya tsananta, kuma addini ya yi rangwame ga tsohon da azumi zai cutar. Malaman garin sun san wannan sarai, sai dai wani lokaci dattijon ne da kansa ke ƙin karɓar sauƙin da aka yi masa.

Wata ma'aikaciyar jinya da na zanta da ita ta ce abin da take roƙon iyalai su riƙe ba shi da yawa. A duba launin fitsarin tsoho: idan ya yi duhu ya kuma ragu, ruwa ya yi ƙaranci a jikinsa. Idan ya yi gumi da yawa ko ya yi zawo, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai ciwon sukari ya yi hattara da zoɓo da kunun zaƙi da lemon kwalba. Wanda likita ya taƙaita wa shan ruwa saboda ciwon ƙoda ko na zuciya, ya koma ya tambayi adadin da ya dace da bazara, kada kuma kowa ya ajiye maganinsa da ra'ayin kansa. Jiri, ciwon kai, tashin zuciya da ɗaurewar tsoka, gargaɗi ne: a shiga inuwa, a sha ruwa, a huta. Amma idan tsoho ya ruɗe, ya fara surutai, ko ya suma, jikinsa ya yi zafi rau, to ba lokacin jiƙe-jiƙe ba ne. A cire masa kaya masu nauyi, a zuba masa ruwa a jiki, a yi ta fifita, a garzaya da shi asibiti, kuma kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki.

Hubbare da iyaye mata

Da la'asar sakaliya na shiga Hubbaren Shehu, inda aka binne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a watan Afrilun 1817, a tsakiyar irin wannan bazara. A nan ne kuma kabarin 'yarsa Nana Asma'u yake, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Mafi yawan masu ziyarar da na tarar tsofaffin mata ne, sun zo rukuni-rukuni, wasu daga ƙauyuka. Suna cire takalmi, suna bin inuwar bango, suna zama su huta, sannan su miƙe su ci gaba.

Zuwan nasu yana da asali. Nana Asma'u ce ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda ake zaɓar mata masu shekaru da natsuwa a naɗa su jaji. Jaji takan jagoranci matan ƙauyensu su taho a ƙafa wurin Nana ɗaukar karatu, su koma su koyar da waɗanda ba su samu fitowa ba. Alamar naɗin kuwa malfa ce da jan rawani. Ilimin matan wannan ƙasa a ƙarni na 19 a kan ƙafafun dattijai mata ya yi tafiya, kuma hular da aka ba su ta girma ce, ta kuma kare su daga rana.

A cikin gidaje ma iyaye mata ba a zaune suke ba. Wata Inna da aka kai ni gaishe ta ta riga ta share tsakar gida tun da sanyin safiya, ta yayyafa ruwa, ta ba kaji tsaba, ta tsince shinkafa. Daka ta bar wa jikoki, sai dai ta karɓi taɓarya ta yi 'yan lugude don kada hannu ya manta. Fitarta kuwa sai bayan magariba: barka, gaisuwar rasuwa, dubiya, makarantar dare. Zumuncin da ake yaba wa tsofaffin mata da shi, shi ne kuma tattakinsu. Babbar matsalar mata a bazara ita ce madafa. Wadda ta tsaya kan murhu da tsakar rana a ɗaki mai rufin kwano tana shan zafi biyu, shi ya sa gidajen da suka san ciwon iyayensu suke mayar da girkin rana hannun matasa, ko a gama shi tun da hantsi.

Abin da ke neman sauyawa

Bayan la'asar garin yana sake cika. Majalisu na buɗewa a gindin bishiyoyi, dattawa na tafiya kasuwar Kara duba farashin dabbobi da albasa, wasu na komawa fadama ban ruwan yamma. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe bakwai saura, don haka akwai sarari. Sai dai zafin yamma mayaudari ne: kwalta da bulo suna riƙe da abin da suka sha, shi ya sa tafiyar yamma take son a yi ta a hankali fiye da ta asuba.

Wannan tsari da ya daɗe yana raya tsofaffi yana fuskantar matsi ta fuskoki da dama. Sababbin unguwanni na bulo da kwano ne, filaye ƙanana, ba a bar wa bishiya wuri ba. Idan wutar lantarki ta ɗauke da dare, ɗakin ba ya kwantuwa, kuma tsohon da bai yi barci ba ba zai iya tattakin asuba ba. Ana sare dogon yaro don faɗaɗa shago ko don itacen girki, alhali inuwarsa ce ke sa titi ya biyu ga mai shekara saba'in. Tituna da yawa ba su da gefen masu tafiya a ƙafa, babura kuma ba sa ragawa kowa. Ga dattawan da rashin tsaro ya koro daga gabashin jihar, irin su Isa da Sabon Birni da Rabah: mutanen da suka saba yini a gona, yanzu suna zaune a gidajen 'yan'uwa ko a kangaye, babu fage, babu garke, babu inda za su. A fuskokinsu na fi ganin abin da zaman dole ke yi wa tsoho.

Akwai kuma matsin da ƙauna ke kawowa. Ɗa ya samu hali, ya saya wa mahaifinsa mota da direba, ya ce Baba kada ya sake taka ƙasa. 'Ya ta ɗauko mai aiki, ta karɓe tsintsiya daga hannun Inna. Niyyar mai kyau ce, kuma Allah ya ba da lada. Amma wanda ya raba tsoho da ɗan aikin da ke tashinsa da safe, ya rage masa ƙarfi, ya kuma rage masa dalilin fita ya ga jama'a.

Abin da Sakkwato ta nuna mini shi ne kula da tsoho a bazara ba ya nufin a zaunar da shi. Yana nufin a gyara masa lokaci, a rage masa nauyi, a sa masa ruwa kusa, a raka shi. Jika ya bi kakansa masallaci da asuba riƙe da gora. Mai gida ya dasa bishiya a ƙofarsa ya kuma shayar da ita har ta kama. Masu unguwanni da limamai su sa ido kan dattawan da ke zaune su kaɗai, musamman a ranakun da hukumar hasashen yanayi ta NiMet ta yi gargaɗin tsananin zafi. Hukumomi su ɗauki inuwa da ruwan sha da gefen titi a matsayin sha'anin lafiya, kamar yadda suke ɗaukar allurar rigakafi. Masana sun tabbatar bazarar Sahel ƙara zafi take yi, kuma mu da muke ganin kanmu da ƙarfi yau, mu ne tsofaffin da za su yi tafiya a cikinta gobe. Bishiyar da za mu bi ƙarƙashinta a lokacin, bana ya kamata a dasa ta.